Kwamfuta a Cikin Filashi

Filashi ɗan ƙaramin abu ne da aka saba zuba takardu da karatun malamai a ciki, amma yana iya ɗaukar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta dungurungum. In aka soka shi aka kunna na'urar, sai ta tashi daga cikinsa ba tare da ta waiwayi ma'ajiyarta ta ciki ba. A kwamfutocin HP maɓallin F9 ake latsawa tun kafin Windows ta buɗe, a Dell kuwa F12, sai jerin zaɓi ya fito a nuna mata filashin.

Dabarar ta kwana biyu. Tun a 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fitar da Knoppix, nau'in babbar manhajar Linux mai aiki daga faifan CD, daga baya filashi ya gaji aikin. Microsoft ma ta taɓa gwadawa da Windows To Go a 2012, ta janye a 2019. Yau da 'yar manhaja irin Rufus ko Ventoy ake zuba Linux Mint a filashi mai gigabait 8, duk kyauta.

Ga ɗalibin da ke unguwar Yakasai ko Mandawari a Kano, wanda kwamfutarsa ta hannu ce daga titin Beirut, amfanin a fili yake. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin na'urori da yawa. Da filashi zai gwada Linux a kan tsohuwar tasa, ya ga ko sun daidaita, bai goge komai ba. Babban amfanin ma ranar da Windows ta ƙi tashi yake bayyana. Kalmar farko a bakin masu gyara da yawa ita ce "sai an yi fomatin", kundin bincike na shekara guda ya tafi kenan. Alhali in ma'ajiyar lafiyarta ƙalau, da filashi za a shiga a kwashe takardun tukuna. Mai gyaran da ba ya ajiye irin wannan filashin a aljihu, sana'arsa da saura.

Sai dai filashi ba gidan zama ba ne. Abin da aka rubuta yakan ɓace da an kashe kwamfutar, sai in tun farko an ware masa wurin ajiya. Yawan rubutu da gogewa na tsufar da shi, ɗaukewar wuta kuma, ga na'urar da batirinta ya mutu, kan lalata abin da ake cikin adanawa. Ga kuma jabu: a jiki an rubuta gigabait 64, cikin bai kai haka ba, yana cika ya fara cinye abin da aka zuba. Mai saye ya nemi na USB 3.0, wanda galibi bakinsa shuɗi ne, ya kuma gwada shi da manhajar H2testw kafin ya damƙa masa amanar takardunsa.