Mai Gyaran Salula Ya Zama Na Uku a Ɗaki

A zamanin da saƙo ke tafiya ta gidan waya ko ta hannun direban mota, matar da ta tsinci wasiƙa cikin aljihun rigar maigidanta ran wanki tana da damuwa guda: wa zai karanta mata? Sai ta jira ɗan maƙwabta ya taso daga lakkwal, ta ja shi bayan ɗaki, ta danƙa masa dala biyu tare da gargaɗin ya kama bakinsa. Yaro ya karanta yana tuntuɓe da Faransanci, ya fassara abin da ya gane, ya cika sauran da nasa. Kafin magariba uwarsa ta ji, kafin Juma'a unguwa ta ɗauka. Sau tari kuwa wasiƙar ta wani abokin ciniki ce mai roƙon a ɗaga masa biyan bashi.

Yau wasiƙa ta yi ƙaura, amma ɗan lakkwal yana nan. Ya girma, ya kafa tebur da laima a bakin babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, yana gyaran salula.

Tun da kamfanin Celtel ya buɗe layukansa a Nijar a 2001 salula ta fara shiga ɗakunan aure, sai dai ba ta zama rumbun asiri ba sai da WhatsApp ya zo da saƙon murya a 2013. Daga nan wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya samu hanyar aika wasiƙa da bakinsa, wasiƙar kuma tana kwana cikin waya. Zato kuwa ba ya rasa abinci. Alhaji yana kwana goma a Kano ko Lome wajen sarin kaya. An tura ma'aikaci Difa ko Agadas, iyali na Tawa. Uwargida ta ga maigida yana murmushi shi kaɗai yana kifa waya, ta ce lalle amarya na tafe. Maigida ya ga layin uwargida a buɗe da ƙarfe ɗaya na dare, ya kwana yana juyi. Ba za a ce duk zaton banza ba ne: akwai mazan da suka ajiye lambar budurwa da sunan makanike, makaniken da bai taɓa ganin cikin mota ba.

Mataki na farko kowa ya san shi: a ɗauki waya lokacin da mai ita ya shiga wanka ko ya fita sallar asuba. Na biyu ya fi zurfi. Tun 2015 ana iya buɗe WhatsApp ɗin mutum a kan wata na'ura daban, yanzu ma har na'urori 4, saƙonninsa su riƙa sauka can yadda suke sauka gare shi. Na uku shi ne a dasa wata manhaja ɓoyayya mai kwashe saƙonni da hotuna da wurin da mutum yake. Mafi yawan ma'aurata ba su iya na biyu da na uku da kansu ba, shi ya sa suke ɗaukar wayar su nufi mai tebur da laima, su ba shi ita da lambar sirrinta, su ce ya taimaka.

A nan ɗan kasuwa ya kamata ya tsaya ya yi lissafi, tunda lissafi sana'arsa ce. Matar da ta kai wayar mijinta don ta gano sunan kishiya, kanti sukutum ta miƙa. Cikin wayar akwai asusun aika kuɗi na Nita ko Amana ko Airtel Money, akwai sunayen masu bashi da abin da ake bin kowa, akwai farashin da aka saro buhu da shi, akwai hoton katin shaida da na takardar fili. In ta ma'aikaci ce, akwai takardun biro da ba su kamata su fita ba. Mijin da ya kai wayar matarsa kuwa, hotunanta na cikin ɗaki ya ajiye a gaban saurayin da bai san ko sunan ubansa ba, shi da ba ya yarda baƙo ya wuce zaure. Akwai masu gyara ƴan amana da yawa, amma mai kishi ba ɗan amana yake nema ba, wanda zai yarda ya yi aikin yake nema.

Ita manhajar ɓoye ta fi haka muni, domin abin da ta kwasa ba ya zuwa hannun mai leƙe kai tsaye. Sai ya fara sauka cikin kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa. Ɗaya daga cikin sanannunsu, mSpy, bayanan da ke hannunsa sun tsiyaye waje a 2015 da 2018 da 2024, aka tona waɗanda ake leƙe, aka tona masu leƙen su ma. A 2020 Google ya hana tallata irin waɗannan manhajoji na bin sawun miji ko mata a kasuwarsa ta Play Store, abin da ya sa ake ɗauko su ta bayan gida, inda ba wanda ya san me aka haɗa su da shi.

Akwai kuma mutanen da ba a shawarce su ba. Ƙanwar uwargida da ta aiko da murya tana kuka kan halin mijinta, abokin da ya faɗi ciwon da likita ya gano masa, ba da mai leƙe suka yi magana ba.

Me ake samu bayan duk wannan? Guntun zance, babu kai babu gindi. Kalmar da ɗan'uwa ya faɗa wa ƴar'uwarsa cikin wasa tana iya raba aure in an ji ta ita kaɗai da tsakar dare. In kuma ba a ga kome ba, zuciya ba ta cewa alhamdu lillahi, cewa take an goge. Hukuncin ma ba daidai yake sauka ba: matar da aka kama da wayar miji tana iya kwana gidan ubanta, mijin da aka kama sai ya ce ai da kuɗinsa aka sayi wayar. Dokar ƙasa ba ta tambayi wa ya saya ba. Doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya kutsa cikin na'urar wani ko ya tare saƙonninsa ta hanyar zamba. Malamai kuma sun daɗe suna karantar da aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda ta haɗa hani ga mugun zato da bin diddigi da gulma wuri ɗaya.

Wanda ke tsoron an ɗaura masa ido yana iya duba jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinsa, ya cire wadda bai sani ba, ya sauya lambar sirri. Da yawa ba su iya hakan ba, sai su ma su nufi bakin kasuwa. Ta haka mai teburin da ya dasa wa Alhaji ido cikin wayar Hajiya da hantsi yake cire shi da la'asar in Hajiya ta zo da kanta, ya karɓi jikka biyu nan, jikka biyu can, ya kuma san abin da ke cikin gidan fiye da waliyyan da suka ɗaura auren.