A Rubuta Aure Tun Shaidu Na Da Rai

Akwai wata matsala da ke jiran 'yan Arewa mazauna Ikko, Badun da Shagamu, yawancinsu kuwa ba su farga ba. Yaron da aka haifa a Agege ko Sabon Badun, ran da mahaifinsa ya cika, zai kama hanyar Bauchi neman gadon gida a unguwar Wunti. Abin da alƙali zai fara tambayarsa shi ne: wa ya shaida auren iyayenka? In an yi rashin sa'a, waliyyi ya rasu, limamin ya rasu, waɗanda suka ci goron ɗaurin auren su ma ƙasa ta rufe musu ido.

Shari'a ba ta ce sai da takarda aure ke ɗauruwa ba. Waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu sun wadatar. Amma fa shaida mutum ne, mutum kuwa yana mantuwa, yana mutuwa. Maƙwabtanmu Kirista sun fi samun sauƙi a nan, domin coci-coci kan ajiye littafin rajista mai sunan ango da amarya da shaidu da kwanan wata. Jika na iya zuwa bayan shekara hamsin a buɗe masa shafin.

Duk da haka, mai neman asalinsa a Bauchi bai rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Da fari akwai mai unguwa da limami da tsofaffin mata, waɗanda suka san wadda aka kai ɗakin wane. Sannan akwai littattafan kotunan alƙalai na zamanin En'e, kafin a mayar da su Kotunan Yanki wajen ƙarshen shekarun 1960. A ciki ake rubuta shari'un gado da na saki, galibi da Larabci ko ajami, kuma wurin rabon gado dole a lissafa matan mamaci da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Takardun Lardin Bauchi na zamanin Turawa suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. A Kadunan kuma akwai Arewa House, wanda aka kafa a 1970.

Amma takarda ma tana da abokan gaba: gara da ɗigon ruwa da gobara da sakaci. Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Bauchi da Majalisar Sarki su sa a tattara tsofaffin littattafan kotu a ɗauki hotonsu tun ba su zama gari ba. Haka nan kowane masallacin da ake ɗaura aure ya tanadi littafi guda, a riƙa rubuta sunayen ma'aurata da waliyyai da shaidu da adadin sadaki. Kuɗin littafin bai kai na ƙwaryar goro ba.

Sauran aikin yana wuyan 'yan ci-rani da kansu. Duk wanda zai je gida Sallah, ya ware yini ɗaya ya zauna gaban dattawan gidansu da alƙalami, ya rubuta wa ya auri wa, a wace unguwa, zamanin wane sarki. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kada a bari maganar ta tabbata a kan yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.