Wayar atin ɗin gidanka tana aiki, ko dai ado ce?

Jama'a, ku yi haƙuri yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Makon jiya ƙaramar 'yata ta taɓa firiza ba takalmi, an gama goge tsakar ɗaki, wuta ta fizge ta. Allah Ya taƙaita, kuka kawai ta yi. Abin da ya hana ni barci shi ne bureka ko motsi bai yi ba.

Na kira wanda ya yi mana wayarin. Ya zagaya da ni bayan gida, ya nuna min waya mai kore da ɗorawa ta shige ƙasa, ya ce, "Yallaɓai, ga atin nan, har gishiri da gawayi na zuba." Ya jona ƙwan fitila tsakanin waya mai wuta da atin, ƙwai ya kama, ya dube ni wai shi ke nan. To ƙwai mai wat 60 abin da yake ja wajen rubu'in amfiya ɗaya ne kawai. Kamawarsa ta nuna akwai hanya, ba ta nuna faɗin hanyar ba.

Ga yadda abin yake. Idan waya mai wuta ta taɓa jikin firiza, dole wutar ta bi wayar atin, ta ratsa ƙasa, ta koma taransifoma, ta sake dawowa. Wannan zagayen shi ake aunawa, a ga yawan turjiyar da ke cikinsa, da ma'aunin om. Bureka ba ya ganin mutum, yawan wuta kaɗai ya sani. Wanda aka rubuta wa B32, sai amfiya 160 ta ratsa shi kafin a tabbatar zai faɗi nan take. A wutarmu mai bolt 230, hakan na nufin zagayen kada ya wuce om 1.4 ko kusa da haka.

Wani abokina mai aikin kamfani ya zo da na'urar awon, ya soka a soket, cikin daƙiƙu ta nuna om 80. Raba 230 da 80, ba ka kai amfiya 3 ba. Wato firizar za ta wuni da wuta a jikinta, bureka yana zaune yana ɗauka dutsen guga ake amfani da shi.

Kuma ba wai mai wayarin ɗin ya yi wata muguwar ha'inci ba ne. Sandar ƙarfe guda a ƙasa da wuya ta ba ka om ɗaya da rabi, balle a ƙasarmu ta Arewa da ke bushewa ƙayau daga hunturu zuwa bazara. Gishirin ma ruwa yana wanke shi, yana kuma cin ƙarfen, musamman sandunan nan da aka shafa wa jan ƙarfe a baya kawai. Shi ya sa gidan da ya dogara da sanda dole ya sa RCD mai miliamfiya 30, wadda ke kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi ta yanke. Gidana babu. Naku fa?

Inda nake da ja shi ne nan. Muna kashe miliyoyi a tayil da silin da fitilu masu launi, amma ban taɓa jin mai gida ya ce a nuna masa sakamakon awo kafin ya biya cikon kuɗin wayarin ba. Akwai hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, aikinta ke nan duba wayarin da ba da shaida. Cikinku wa ya taɓa ganin takardar a gidan hayar da ya shiga? In wuta ta kashe yaro a wajen famfon bohol ko hita, sai mu ce kwana ya ƙare. Gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Na san masu wayarin za su ce na'urar da tsada, kuma mai gida ko kuɗin waya mai kyau sai an yi ciniki kamar na tumatir. Ban musa ba. Amma ƙungiyarku ta unguwa ba za ta iya sayen guda ɗaya a riƙa haya ba? Mu kuma mu yarda mu biya kuɗin awon daban. Masu sola da janareta, ku ma a auna muku ta wancan ɓangaren, don da an juya canjoba hanyar da wutar za ta bi ta sauya.

Ni dai an sa min RCD shekaranjiya, an ƙara sanda ta biyu. Abokina ya ce a sake awo a watan Maris, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, na rubuta a kalanda. Firizar kuwa tana wajen mai gyara, ashe ɓera ne ya ci wayar bayanta.