ZOBEN FAIRUZ YA KOMA KORE, KO SOYAYYA CE TA CANZA?



Wasiƙar wata ƙanwata 'yar aji biyar ce ta tayar min da hankali a wannan watan. Wanda zai aure ta ya kawo mata tsarabar zoben azurfa mai dutsen fairuz, shuɗi shar kamar sararin sama. Wata huɗu kacal, dutse ya koma kore-kore. Sai ƙawarta ta ce ai an san fairuz, ba ya canza launi sai in zuciyar wanda ya bayar ta juya. Yanzu sati biyu ke nan ta ƙi fita zance, bawan Allah yana ta sintiri a ƙofar gida bai san laifinsa ba.

Haba ƙanwata! Wannan camfi ya daɗe, har a Turai an yi shi, amma dutse bai san komai a kan zuciyar saurayi ba. Fairuz, wanda mafi shahararsa daga Naishabur ta ƙasar Iran yake fitowa, sinadarin jan ƙarfe ne ke ba shi shuɗin nan. Jikinsa kuma cike yake da 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, yana tsotsar abu kamar sabuwar randa. Basilin, humra, gumi, ruwan sabulun wanke-wanke, duk shanyewa yake, a hankali launi ya juya. Ki tambayi kanki sau nawa kika shafa mai da zoben a yatsanki.

Da akik ya kawo miki, da ba a yi wannan rigimar ba. Shi akik, irin jan nan na Yaman da alhazai ke zuwa da shi, dangin yashi ne, sinadarinsu ɗaya. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10 da wani Bajamushe, Mohs, ya tsara a 1812, akik yana wajen 7, fairuz kuwa tsakanin 5 da 6. Shi ya sa ƙurar hunturu ma kan dushe fuskar fairuz, akik kuwa sai kaka ta bar wa jika yana nan da sheƙinsa. Ni dai fairuz ya fi min kyau, amma ɗan lele ne, sai da tattali.

Sai batun magani, inda na fi so ku saurare ni. Ana cewa akik na tsayar da jini, haɓo ko na al'ada, fairuz kuma na gyara gani da kwantar da faɗuwar gaba. Ina jin jan akik ne ya sa aka haɗa shi da jini. Babu binciken likitoci da ya tabbatar da ko ɗaya. Yarinyar da al'adarta ke wuce kwana bakwai tana zuba sosai, ga jiri ga kasala, jininta ne ke ƙarewa. Ta daure ta gaya wa Umma a tafi asibiti, kada a tsaya jiran zobe.

Ke kuma ƙanwata, ki riƙa cire shi kafin wanka da shafa, ki goge da busasshen ƙyalle mai laushi, ki adana shi daban da sauran sarƙoƙi. Launin da ya riga ya juya da wuya ya dawo. Yau da daddare in ya yi sallama, ki yafa gyalenki ki fita ki ba shi haƙuri.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.