An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tun da Haske ta fara fitowa a 1990, aka kuma yi Taron Ƙasa a 1991, ɗan Nijar ya sami bakin faɗar abin da ke ransa a kan masu mulki. Wannan ni'ima ce, babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da jaridar gwamnati kaɗai ke magana. Amma tambayar da ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikatan Badagishiri su yi ita ce: wannan baki da muka samu, a kan me muke ɓatar da shi?

Mu tuna 1995. Bayan zaɓen ƴan majalisa na watan Janairu, Shugaba Mahaman Usman ya wayi gari da firaministan da ba na ɓangarensa ba, wato Hama Amadu, ɗan Adar Mahamadu Isufu kuma yana shugabancin majalisar dokoki. Aka shiga zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gaba. Wa ke da ikon tsara ajandar taron ministoci? Wa zai naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati? Wa ya ƙi zama da wa? Zancen da ya cika jaridun Yamai ke nan, shi ne kuma hirar rumfunan kasuwa da ta masu shayi.

A wannan shekarar ce annobar sanƙarau ta kashe dubban ƴan ƙasa, aka kuma yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. Shekara guda kafin nan, a Janairun 1994, an karya darajar sefa da rabi, farashin magani da duk kayan da ake shigowa da su ya tashi. Malamin lakwal da ma'aikacin likita suna bin gwamnati albashin watanni, wanda ke nufin mai kanti ma yana bin su bashi. Waɗannan su ne jakin. Rigimar manya taiki ce, amma ita aka yi ta duka har ranar 27 ga Janairun 1996, lokacin da Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da gwamnatin, ya kafa hujja da wannan rigimar.

Wani zai ce: ashe sai a daina rubutu a kan shugabanni? A'a, ko kusa. Wanda ya riƙe dukiyar jama'a dole a sa masa ido. Dubi abin da ya faru a 2006, sa'ad da jaridar Le Républicain ta marigayi Maman Abu ta tono yadda aka yi da kuɗin ma'aikatar ilimin firamare. An tsare tsofaffin ministoci biyu, kuma a watan Mayun 2007 majalisa ta tumɓuke gwamnatin Hama Amadu a kan wannan batu. Shi ma labarin manya ne, sai dai an bi sawun kuɗin alli da littattafan yaranmu har zuwa hannun da ya taɓa su. Bambancin ke nan tsakanin bincike da gulma.

Dalilin da ya sa gulma ke rinjaye ba ɓoyayye ba ne: tana da arha. Ɗan jarida na zaune a Yamai zai samu zagin da wani jigo ya yi wa wani, ya cika shafi. Amma wanda zai rubuta yadda kwararar ruwa ke cinye gonaki a kwarin Badagishiri, ko asarar da manomin Galmi ke yi idan albasarsa ta ruɓe kafin farashi ya tashi, ko yawan shingayen da mai kaya ke tsayawa tsakanin Ƙonni da Tawa, sai ya biya kuɗin mota, ya kwana a hanya. Yau da wayar hannu ta shigo, gulmar ta ƙara arha, a daƙiƙa guda ta zagaye gari.

Mu ma masu karatu muna da kaso a ciki, domin mai talla abin da ake saye yake ɗaukowa. Saboda haka ga ma'auni mai sauƙi. Duk labarin da aka kawo muku na wani babba, ku tambaya: ina ruwansa da kuɗin tiyar hatsi, da albashi, da magani a likita, da aji mai malami? In akwai alaƙa, ku karanta, ku nemi ƙari. In babu, ku sani an ba ku taiki ne ku daka, jakin kuwa yana can cikin gonarku yana ɓarna.

Allah ya sa mu gane.