Nisan Tafiya Ba a Kilomita Kaɗai Yake Ba

A kudancin Tekun Atlantika akwai tsibirai biyu da ke ƙarƙashin Birtaniya, wato Sent Helena da Asenshon. Tazarar da ke tsakanin filayen jiragen samansu kimanin kilomita 1,300 ce, kuma jirgi yakan yi tafiyar cikin kusan awa biyu. Wanda ya ji haka zai ɗauka zuwa da dawowa abu ne mai sauƙi. A ganina, wannan lissafi bai cika ba.

Gaskiya ne an sami ci gaba. Kafin jiragen fasinja su fara sauka a Sent Helena a 2017, sai mutum ya yi kwana biyar a jirgin ruwa daga Afirka ta Kudu. Amma jirgin saman da aka tsara tsakanin tsibiran biyu sau ɗaya yake tashi a wata, alhali mutanen Sent Helena da yawa suna aiki a Asenshon. Idan mahaifiyar ma'aikaci ta kwanta ciwo washegarin tashin jirgi, tafiyarsa ta awa biyu ta koma jiran mako huɗu.

Wasu za su ce mazauna Sent Helena ba su kai 5,000 ba, don haka ƙarin jirage asara ne. Amma ba don riba kaɗai ake gina hanya ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Saboda haka, ya kamata gwamnatin Birtaniya ta tallafa a ƙara yawan tashin jiragen.