Ciki Ba Ya Jiran Ƙararrawa

A ra'ayina, dokar hana fita lokacin darasi tana bukatar gyara, domin akwai marasa lafiyar da take cutarwa.

Akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita maimakon ta kare shi. Ɗaya daga cikinsu ita ce lufus. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba aikin aljanu ba ce. A cikin mutum 10 masu ita, kusan 9 mata ne, kuma tana iya kama yarinya sa'armu. Takan lafa ta sake tashi, shi ya sa ake daɗewa ana shan magani.

An fi sanin lufus da ciwon gaɓoɓi da jan ƙurji a kumatu. Amma tana taɓa ciki ma: murɗawa, tashin zuciya, amai, gudawa da gyambon baki mai hana cin abinci. Wani lokaci maganin ne ke jawo hakan. Hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorakwin na zazzaɓin cizon sauro, yakan sa gudawa. Ibuprofen kuma yana cin ciki, musamman idan ba a karya ba.

To, yaya yarinya mai wannan lalura za ta yi idan ta ɗaga hannu aka ce ta jira a fita tara? Kunya ba za ta bar ta ta yi bayani a gaban aji ba. In kuma ta daɗe a ban ɗaki aka sa ta durƙusa a rana, an ƙara mata ciwo, domin hasken rana yana tayar da lufus.

Wasu za su ce masu gudun darasi za su fake da wannan. Gaskiya ne, amma da mafita. Iyaye su kawo takardar likita, shugaban makaranta ya ba ɗalibar kati. Da ta nuna shi, ta fita ba tambaya. A kuma bar ban ɗaki a buɗe, da ruwa da buta.

Mu ɗalibai, namu aikin shi ne mu daina dariya da tsegumi. Wanda ya fita, a ara masa littafi ya kwafi abin da ya wuce shi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.

Daga wata 'yar Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare